Fim ko mai dogon zango? Kurakuran masu sabon jarumin kwamik

Wallahi na gaji da jin magana ɗaya. Duk yaron da ya kawo mini labarin jarumin da ya ƙirƙiro, daga unguwar Pantami yake ko Jekadafari a Gombe, sai ka ji ya ce tunda ba a san jarumin ba gara a yi mai dogon zango a YouTube mutane su saba da shi a hankali. Ƙanena wa ya ce maka suna ne yake yanke wannan hukuncin? Wa ya san Guardians of the Galaxy kafin 2014? Har da bishiya mai magana a cikinsu, amma fim ɗin ya kawo sama da dala miliyan 700.

Abin da ya kamata ka fara dubawa irin ƙarfin da ka ba jarumin ne, kuma nan ne kuke faɗawa rami. Dubi Inhumans, asali fim aka shirya yi, aka dawo aka mai da shi na talabijin kashi 8 a 2017. Akwai Medusa da duk ƙarfinta a gashinta yake, da shi take damƙe mutum, tun a farkon labarin aka aske mata kai, kuma zango ɗaya aka yi aka rufe. To masu dala kenan fa, ina ga kai da wayarka da laftof ɗin aro? Mu ma ya ci mu a namu shirin, jaruminmu wuta yake fitarwa da hannu, kowane sin sai an biya edita, ga man janareto saboda kwamfuta na kwana tana haɗa hoto, kafin labarin ya yi nisa kuɗi sun ƙare jarumi ya koma zaman falo yana surutu, 'yan kallo sai tambaya suke a kwament wai ina wutar take. Haba! Kuma yanzu ina kallon ku za ku maimaita, ana faɗa muku kuna cewa ai editanku abokinku ne. Abota ba ta sayen fetur malam.

Ni yanzu biro nake ɗauka in bi labarin shafi shafi, duk inda sai an sa aikin kwamfuta in ja layi. In layukan sun yi yawa gajeren fim za a yi, a zuba kuɗin a wuri ɗaya ya fito da kyau. In kuwa jarumin ɗan naushi ne mai damuwar rayuwa, wannan shi ne na dogon zango. Daredevil lauya ne makaho, da rana kotu da dare faɗa a lungu. Fim ɗinsa na 2003 bai gamsar da mutane da yawa ba, amma da Netflix ta ba shi kashi 13 a 2015 sai aka san waye shi, don lokaci yake buƙata ya fi buƙatar kuɗi.

Sai tara jarumai saboda kowane aboki yana son a ba shi ƙarfi. Eternals a 2021 jarumai 10 aka cusa a wajen awa biyu da rabi, ka gama kallo ba ka riƙe sunan rabinsu ba. Dan Allah fara da ɗaya.

Kar ka ja labari don kawai a ce kashinka da yawa, Moon Knight kashi 6 ne kacal. Kar ka cinye kashi na farko a tarihin kakan jarumi. Rigar leda a zafin Gombe kuma ka tausaya wa ɗan wasanka, yadi mara nauyi ya isa.

In har kana kokwanto ka gwada shi a ɗan gajeren bidiyo tukuna. Peacemaker ma a fim ya fito a 2021, sai 2022 aka saki nasa shirin.