Kurakuran da aka fi yi wajen fahimtar riƙon taya a kwana

Wani kuskure da ake yawan yi, har a tsakanin ɗaliban kimiyya, shi ne ɗauka cewa tunda mota tana tafiya, gogayyar da ke tsakanin taya da kwalta gogayyar zamewa ce. Matuƙar taya tana birgima daidai, ɓangarenta da ke taɓa ƙasa ba ya gurzar kwalta a lokacin da yake taɓa ta, don haka gogayyar riƙo ce ke aiki, kuma ita ce ke janyo motar zuwa cikin kwana. Gyaran shi ne a bar tambayar ko motar tana motsi, a duba ko tayar tana zamewa.

Daga nan wani kuskuren yake tasowa, inda ake ninka mizanin gogayya (lambar da ke nuna yadda taya ke kama kwalta) da nauyin mota a ce wannan shi ne ƙarfin da ke aiki, alhali iyakar riƙon kawai lissafin ya nuna. Gogayyar riƙo tana bayar da gwargwadon abin da kwanar ta nema, kuma duk wanda ya ninka gudunsa sau biyu ya ninka buƙatar sau huɗu. A shimfiɗaɗɗiyar kwana mai tazarar mita 50 daga cibiyarta, idan mizanin 0.7 ne, mota za ta riƙe hanya har kusan kilomita 67 a awa. Idan ruwan sama ya saukar da shi zuwa 0.4, iyakar ta koma kilomita 50 a awa. Nauyin motar ba ya canja wannan amsa, duk da cewa mutane da yawa suna tsammanin akasin haka.

Wanda ya fi damuna shi ne danne birki a tsakiyar kwana, domin kuskure ne da ke cin rai. Riƙon taya guda ne, birki da sitiyari ke rabonsa, kuma abin da birki ya ci, juyawa ta rasa shi. Da zarar tayoyi sun kulle, gogayyar zamewa ta karɓi aiki, ga ta da rauni, ga shi ba ruwanta da inda tayoyin gaba suka fuskanta, shi ya sa mota take wucewa sambal komai murza sitiyarin direba. A rage gudu tun kafin shiga kwana. Idan tayoyin sun riga sun kulle, a sassauta birki har su koma birgima; a motar da ke da na'urar ABS kuwa, wato mai hana tayoyi kullewa idan an danne birki, a ci gaba da danne shi ana sarrafa sitiyari.