Yadda za ka shirya in an rubuta maka sikanin ɗin ciki

Abu na farko, kafin ka bar gaban likita ka tambaye shi wane ɓangare za a duba, saman ciki ne ko mara, don shirinsu ba ɗaya ba ne kuma a nan mutane ke rikicewa. Sai ka ga mutum ya sha kunu da ƙosai ya ƙoshi, ya biya kuɗin mota ya bi layi tun safe, ana zuwa kansa a ce ya koma gida ya dawo gobe, ya fito yana ta faɗa wai wulaƙanci ne. Wallahi ba wulaƙanci ba ne, na'urar ce ba za ta ga abin da ake nema ba.

Ita wannan na'ura sauti take aikawa cikin jiki, sautin da ya fi ƙarfin jin kunnen ɗan Adam, ya bugi hanta ko ƙoda ya dawo, kwamfuta ta mayar da shi hoto. Sautin yana ratsa ruwa lafiya lau amma iska da ƙashi suna tare shi. In ka riƙe wannan, duk sauran dokokin za ka gane dalilinsu da kanka.

In saman ciki ne, wato hanta da madaciya da saifa, yawanci za a ce kar ka ci komai awa 6 zuwa 8 kafin lokacin. Dalilin madaciya ce. Wata 'yar jaka ce a manne ƙarƙashin hanta ta dama, tana tara ruwan ɗacin nan da hanta ke yi don narkar da maiƙo, to da ka ci abu mai mai, ko da waina ce guda biyu ko shayi da madara, sai ta matse ta zuba ruwan cikin hanji ta yamushe, mai dubawa kuma so yake ya same ta a cike don ya ga ko akwai tsakuwa a ciki ko bangonta ya yi kauri. Ga kuma iska da abinci ke tarawa a hanji tana rufe abin da ke baya. Don haka daren da za ka je ka ci abu mara nauyi da wuri, ka haƙura da wake da alale da lemon kwalba, da safe kuma ba cingam ba sigari don haɗiyar iska suke sa mutum. Kurɓin ruwa zalla ba laifi, da shi ma za ka sha maganin hawan jininka in likita bai hana ba.

Masu ciwon suga, ku kam kar ku yanke wa kanku hukunci. Mutum ya yi allurar insulin ko ya sha magani sannan ya zauna da yunwa a layi har azahar, sugan na iya faɗuwa ya yanke jiki. Ku faɗa wa likita tun farko, ku nemi a sa ku a sahun farko da safe, ku tafi da abin da za ku ci a jaka da an gama.

In kuma mara ce, mahaifa ko ƙwan mace ko mafitsara ko ƙaramin ciki na watannin farko, to akasin haka ne. Ki ci abincinki, amma awa ɗaya kafin a shiga ki sha ruwa kamar lita 1, fiya wata leda biyu kenan, kuma kar ki yi fitsari. Na san da wuya, barin ma in layi ya yi tsawo, amma mafitsara in ta cika tana ture hanji sama ta zama kamar taga da ake leƙa mahaifa ta cikinta. In ya matse ki sosai ki gaya wa nas, kar ki sulale bayi ki dawo ki yi shiru. Maza masu matsalar fitsari ma haka ake musu, wani lokaci a duba kafin fitsari a sake dubawa bayansa a ga nawa ya rage.

Masu juna biyu da ke tsoron kar hoton ya taɓa yaro su kwantar da hankali, ba irin hasken eksire ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ba da shawarar a yi sau ɗaya kafin mako 24, don a san watannin cikin, a ga ko tagwaye ne.

A ɗakin za a shafa maka wani mai sanyi mai yauƙi, aikinsa korar iskar da ke tsakanin fata da kan na'urar. In an ce ja numfashi ka riƙe, ka yi da gaske, hakan ke turo hanta ƙasa ta fito daga bayan haƙarƙari. Minti 15 zuwa 30 an gama. Ka sa riga mai sauƙin ɗagawa, ka zo da tsohon sakamako in kana da shi, mace kuma tana iya tambaya tun a wajen biyan kuɗi ko akwai mace mai dubawa.

Wani abu da ke ba ni haushi shi ne masu kai kansu sikanin don olsa. Wannan hoton ba ya nuna gyambon tumbi yadda ya kamata, shi sai an zura siririyar kyamara ta baki. Takarda ta fito ba a ga komai ba mutum ya ce an ci kuɗinsa, alhali ba wurin aka duba ba. Takardar dai ka mayar wa likitan da ya turo ka, shi ya san abin da yake nema da ya rubuta ta.