Yadda za ka kama tarihin Musulmi da 'yan Koriya a fadar Sin

Ɗaliban lakwal nan Tahoua suna yawan ce mini sunayen sarakunan Sin na rikita su, to ga yadda ni nake yi. Ɗauko kaye da bik, ka fara da daular Yuan kawai, 1271 zuwa 1368, Mongol ne ke mulki kuma ba su yarda da Sinawa sosai ba, shi ya sa suka jawo baƙi cikin fada. Ka raba shafi biyu. Gefen Musulmi rubuta Ahmad Fanakati mai riƙe da kuɗin sarki Kublai Khan har aka kashe shi 1282, sai Sayyid Ajall gwamnan lardin Yunnan, da Jamaluddin masanin taurari.

Gefen Koriya kuma a nan nake daɗewa wallahi, don 'yan mata ne ake kaiwa fada kamar haraji daga Goryeo, masarautar Koriya ta lokacin, abin tausayi, amma cikinsu ɗaya, Gi, ta zama sarauniya matar Toghon Temur sarkin ƙarshe.

In wannan ya zauna maka sai ka wuce daular Ming da ta biyo bayan Yuan, ka nemi Zheng He, Musulmi ɗan Yunnan da ya ja jiragen ruwa sau 7 daga 1405 zuwa 1433.