Kurakuran da muke yi wajen jinyar mai ƙari a ƙwaƙwalwa

Shekara biyu kenan muna jinyar yayana, ƙari ne a ƙwaƙwalwarsa, kuma yawancin abin da zan faɗa a gidanmu aka fara yinsa kafin mu gane, nasan akwai gidaje nan tsakanin Ringim da Taura da suke cikin irin wannan halin yanzu haka.

Wata biyar muka ɓata muna cewa iska ce. Mutum mai haƙuri da kunya ya koma faɗa da mantuwa, da asuba ya tashi da ciwon kai kamar zai tsage har sai ya yi amai, rannan kuma ya yanke jiki ya faɗi a gona yana shure-shure. Aka dinga hayaƙi, ɗaki ya turnuƙe yana ta tari. Sai da muka kai shi asibitin Malam Aminu Kano aka yi hoton kai sannan aka ga abin. Ƙari in ya danne gaban ƙwaƙwalwa hali ma canzawa yake, kuma ba kowane ƙari ne kansa, wato ciwon daji, ba, akwai mai fitowa a tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa wanda yawancinsa ba kansa bane kuma ana iya cire shi da tiyata. Ruƙiyya har gobe muna yi, Baba ne ke tofa masa safe da yamma kuma kana ganin yadda hankalinsa ke kwanciya. Amma duk mai ruƙiyyar da ya ɗauko bulala, ko ya shaƙe wuya, ko yace a ajiye maganin asibiti tukuna, dan Allah a sallame shi.

Toh maganar ajiye magani itace tafi ci min rai. Da an ga sauƙi sai ace ai ya warke, a daina sayen Tegretol ɗin, wato maganin farfaɗiya, tunda kuɗi ne. Maganin farfaɗiya in aka yanke shi farat ɗaya jijjigar na iya dawowa ta ƙi tsayawa. Haka deksa, wadda 'yan mata ke sha don ƙiba, shi an bashi ne don ta rage kumburin da ke kewaye da ƙarin, sai kaga fuska ta ciko yana cin tuwo malmala biyu, 'yan dubiya suna cewa masha Allah jiki ya yi kyau, alhali aikin ƙwayar ne ƙarin yana nan. Ita ma ba'a dainata lokaci ɗaya, likita ne ke rageta a hankali. Tana kuma ɗaga suga, mu kuwa Goggo kullum sai ta dama masa zuma rabin kofi saboda ƙauna, sai ga shi yana ta fitsari da ƙishirwa, da aka gwada suga ya hau. Yanzu ɗan cokali ne a koko shikenan. In azumi ya zo a tambayi likita kafin a juya lokacin shan magani, addini ya yiwa mara lafiya rangwame.

Sai ɓoye-ɓoye. Ana bashi jiƙo da sassaƙe da garin da aka sayo wajen masu mota da lasifika ran kasuwa, in likita ya tambaya ace babu abin da yake sha. Hanta ɗaya ce ke fama da wannan da na asibitin, wani jiƙon ya rage ƙarfin ƙwayar wani ya sa ta yi yawa a jini. Kwaɗon zogale ko ɗan habbatus sauda a abinci ba shine matsalar ba. Amma tafarnuwa da citta da kurkum in ana ɗirka su da yawa a matsayin magani suna iya sa jini ya ƙi tsayawa, haka asfirin, ga mutum ana shirin buɗe masa kai. Ku zuba komai a leda ku kai gaban likita ya gani da idonsa. Ƙaho da tsaga ma a dakata, balle in yana kan maganin ciwon daji, jininsa baya daskarewa da wuri kuma ciwo kaɗan sai ya ruɓe.

In ya faɗi, kar a tura masa cokali a baki, ba zai haɗiye harshensa ba, haƙori kawai za'a karya. Kar a ɗura masa ruwa ko rubutu, kar a danne shi. A kawar da abin da zai buge shi, a sa zani a ƙarƙashin kansa, a juya shi ta gefe, wani ya duba agogon waya, in ta wuce minti 5 ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba a nemi mota. Babur da bakin rijiya da murhu da wanka a kogi kuwa a raba shi da su.

Abin da ya taimaka mana da gaske ba ma tsada ne da shi ba. Tausa da man kaɗanya a kafaɗa da hannu da tafin ƙafa bayan isha'i, banda wajen ɗinki, kuma in ƙwauri ɗaya ya kumbura yana zafi kar a murza, gudan jini ne zai iya zama, masu wannan ciwon suna yawan samunsa, asibiti za'a je. Da muna hana shi motsi sai kwanciya, ashe kwanciyar ƙara masa kasala take, yanzu da la'asar nake riƙe hannunsa mu taka zuwa gindin darbejiyar ƙofar gida mu dawo. 'Yan dubiya ma mun rage, mutum goma a ɗaki kowa da labarin wane da ya mutu da irin ciwon, yana ji fa, ko bai yi magana ba yana ji.

Matarsa kuma mun daɗe bamu lura da ita ba sai da ta rame ta fara ciwon kai ita ma. Yanzu kwana muke rabawa, Litinin da Alhamis ni ne a ɗakin, ita ta je wajen Inna ta yi barci.