Kurakuran da ɗalibai suka fi yi a kan enzayim

Mafi yawan kurakuran da nake gani a wannan darasi daga abu ɗaya suke fitowa, wato mutum ya manta cewa aikin enzayim gaba ɗaya ya rataya ne a kan siffarsa. Shi enzayim abu ne da ke hanzarta sauyin sinadarai a jikin masu rai. Yana da wani ɗan gurbi da sinadarin da zai yi wa aiki ke shiga ya zauna daidai, in gurbin nan ya karkace shi ke nan aiki ya tsaya.

Na farko, sai ka ga an rubuta wai zafi yana kashe enzayim. Don Allah a daina, enzayim ba mai rai ba ne balle ya mutu, yawancinsu furotin ne. Abin da zafi mai yawa ke yi shi ne ya tsinka ƙananan ɗaurin da ke riƙe da naɗin furotin ɗin, siffar ta warware, gurbin ya lalace, kamar farin ƙwai da aka dafa, ba ya komawa ruwa. Ka rubuta siffarsa ta lalace, ka ci makinka.

Sai kuma masu ɗaukar sanyi da zafi abu ɗaya ne. A'a. Sanyi rage gudu kawai yake yi, ƙwayoyin ba sa kai-komo da sauri don haka ba sa yawan haɗuwa da enzayim ɗin, amma siffar tana nan lafiya lau, da an ɗumama aiki ya dawo. Ka gwada da ɗanyar hanta a lab: ka zuba mata haidirojin feroksaid za ka ga kumfa na tashi saboda katales, enzayim ɗin da ke cikin hantar, yana fasa shi ya zama ruwa da iskar oksijin, wadda ta kwana a firji za ta yi kumfa in ta ɗumama, wadda aka tafasa kuwa shiru kake ji.

Ba kowane enzayim ne ya fi son digiri 37 ba, wannan na jikin mutum ne. Taq polimares, enzayim ɗin da ake gwajin PCR (na ninka DNA) da shi, an samo shi ne daga bakteriyar maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Yellowstone a Amurka, kuma wajen digiri 72 yake aikinsa. Haka pH ma, wato ma'aunin tsami, pepsin na cikin tumbi yana son tsami sosai wajen 2, tiripsin na ƙaramin hanji wajen 8.

Wani abin da ke damuna shi ne a ce enzayim yana ba da makamashi ko yana ƙarewa. Rage makamashin da ake buƙata kafin sauyin sinadarin ya fara yake yi kawai, ya fito yadda ya shiga ya kama na gaba. Kuma ƙara sinadari ba ya ƙara gudu har abada, in duk guraben sun cika layin giraf na gudun aikin miƙewa zai yi a kwance, sai dai a ƙara enzayim ɗin.

Batun kwaɗo da makulli na Emil Fischer na 1894, wato sinadarin yana shiga gurbin daidai kamar makulli a kwaɗonsa, yana da amfani, amma kar ka ɗauka gurbin sandararre ne. A 1958 Daniel Koshland ya kawo bayanin cewa gurbin yana ɗan lanƙwasawa ya rungumi sinadarin in ya shigo, kuma in tambaya ta ce a kwatanta biyun, wannan bambancin ake so ka kawo.