Darasi na 7: Idan kilim ya daina sanyi

A Maradi, watan Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40. Lokacin ne kilim ke yawan ba da wahala, kuma da ya daina sanyi sai a ce gas ya ƙare. Gas ɗin kilim ba ya ƙarewa kamar man babur, zagayawa yake cikin bututun jan ƙarfe a rufe. In ya ragu, akwai inda yake yoyo. Galibi ma rashin sanyin laifin ƙura ne.

Ku fara duba telekomand. Alamar ƙanƙara ita ce ta sanyi. In yara sun mayar da ita kan alamar fanka, iska kawai za ku samu. Ku sa digiri 24 ko 25.

Sai raga. Ku kashe dijonktar, ku ɗaga murfin gaba na injin cikin ɗaki, ku zaro ragogin roba biyu. Bayan hunturu za ku tarar ƙura ta dame su kamar an shimfiɗa bargo, ko hasken rana ba ya ratsawa. Iska ba ta wucewa, sai ƙarfen da ke bayansu ya daskare, ƙanƙara ta rufe shi. Ku wanke su da ruwa da ɗan sabulu, su bushe a inuwa, don rana na lanƙwasa roba. Lokacin ƙura a yi haka duk mako 2. In ƙanƙara ta riga ta kama, a bar fanka kaɗai ta yi aiki har ta narke. Kada a ƙwaƙule ta da wuƙa, bututun zai huje.

Injin waje shi ke fitar da zafin ɗaki. Siraran ƙarafan bayansa, masu kama da haƙoran mataji, in sun toshe sai ya yi zafi ya tsaya da kansa. Da wuta a kashe, a zuba musu ruwa da tiyo a hankali, ban da wajen wayoyi. Kada a jingina masa tabarma ko buhu.

In ruwa na ɗiga a bango, tiyon fitar da ruwa ne ya toshe. Ku leƙa bakinsa na waje, sau da yawa zanzaro ne ya yi gini a ciki.

Kilim na son wuta mai ƙarfin bolt 220. Da dare, in ƙwan lantarki ya dushe, injin waje ya yi ta gurnani bai tashi ba, ku kashe shi nan take, kwampiresa, wato injin da ke tura gas ɗin, na iya ƙonewa. In wuta ta ɗauke ta dawo, a jira minti 3 kafin a kunna. In wuta lafiya lau amma gurnanin na nan, mai yiwuwa kondansatar, wadda ke taimaka wa kwampiresa tashi, ita ce ta mutu. Za a ga kanta ya kumbura. Kada ku taɓa ta, tana riƙe wuta ko an kashe dijonktar. Wannan aikin mai gyara ne.

Idan mai gyara ya ce gas ne, ku ce: "Malam, nuna mini wurin yoyon." Maiƙo a mahaɗar bututu shi ne alama. A toshe tukuna, sannan a zuba irin gas ɗin da aka rubuta a jikin injin waje, R22 ko R410A ko R32. Ba a gauraya su.