Maganin raunin ƙashi da maganin ƙwannafi: yadda za a raba su

Yawancin masu shan alendronate, maganin raunin ƙashi, a nan Maraɗi iyayenmu mata ne da al'ada ta ɗauke musu, kuma da yawansu ba sa rabuwa da maganin ƙwannafi. Alendronate kuwa ba ya son abokin tafiya. Ko a cikin da babu komai, abin da ke shiga jini daga ƙwayar miligiram 70 da ake sha sau ɗaya a mako bai kai kashi 1 cikin 100 ba.

Magungunan ƙwannafi irin su Maalox da Gaviscon suna ɗauke da alminiyam, magniziyam ko kalsiyam. In suka haɗu da alendronate a ciki sai su kama shi su ɗaure, ya fice da bayan gida, kuɗi sun tafi a banza. Fura da nono da shayin madara ma haka suke yi.

A zaɓi rana ɗaya a mako, a riƙe ta. Da asuba, kafin komai ya shiga baki, a haɗiye ƙwayar da ruwa zalla kofi cike, kamar mililita 200, kada a tauna. Ban da ruwan kanwa. A zauna a miƙe ko a tsaya na minti 30. Mai sallah ta fara yin sallarta tukuna, don ruku'u da sujada na iya maido da maganin maƙogwaro, shi kuma yana ƙona wurin. Bayan minti 30 a karya kumallo. Maalox da ƙwayar kalsiyam gara a bar su sai bayan awa 2. Mai shan ibandronate, wani maganin raunin ƙashi na wata-wata, minti 60 za ta jira.

Omeprazole, shi ma maganin ƙwannafi, matsalarsa daban ce. Ba ya ɗaure alendronate, ana iya shansa bayan minti 30 ɗin nan. Illarsa tana wajen daɗewa: a 2010 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa shan irinsa shekara ɗaya ko fiye, ko da yawa, yana da alaƙa da karayar ƙugu, wuyan hannu da ƙashin baya. Yana kuma rage ruwan tsamin ciki, wanda kalsiyam kabonet, wani nau'in ƙwayar kalsiyam, ke buƙata kafin ya narke. Sai a sha kabonet ɗin tare da abinci, kada kalsiyam ɗin da ke cikinsa ya wuce miligiram 500 zuwa 600 a lokaci guda, ko a tambayi mai farmasi kalsiyam sitiret, wanda bai damu da tsamin ba. Kada a yanke omeprazole kwatsam, ƙwannafin kan dawo da ƙarfi. Likita ne zai rage shi sannu a hankali.

In ƙwannafi ya taso ne bayan fara alendronate, ko haɗiya ta koma da zafi, a ajiye ƙwayar a je wurin likita, kada a rufe ƙwannafin da Maalox. A faɗa masa in ana shan diclofenac ko ibuprofen na ƴan talla, don suna ƙara cin ciki. Wadda cikinta ya ƙi ƙwayar ana iya mayar da ita kan zoledronate, ƙarin ruwa ta jijiya sau ɗaya a shekara.